Turmina Ya Gaji Da Jirana

Jiya bayan azahar, da na gama cin tuwo da gefe ɗaya na bakina, barci ya sace ni na yi wani mafarki. Amma bari in fara da abin kunyar. Ni Sallau, shekara goma sha tara ina haƙa burtsatse da injin da ke girgiza unguwa, ko kunne ba na toshewa. Sai ga shi ɗan injin likitar haƙori, wanda bai fi biro ba, ya hana ni sakat.

Turmina na hagu, wato haƙorin tauna, shi ne ya yi kogo. Likita Rakiya ta ce in zaɓa: ko allura da inji, nan da nan a gama, ko wani magani mai kauri da ake haɗawa daga gwanda, a shafa ya tausasa ruɓar a kankare da ɗan cokali, ba ƙara amma sai an zauna. Ta ce in na ja lokaci ruɓar za ta yi nisa, ƙarshenta cirewa. Na ce zan yi shawara. Sati uku ke nan ina shawara.

A mafarkin na tsinci kaina a wani gari mai fararen gidaje talatin da biyu, jere biyu. Mutanen jeren sama kai a ƙasa suke tafiya, ba wanda ya damu. Gida ɗaya ne ya yi baƙi, mai shi na zaune a ƙofa, gajere kakkaura. Ya ce shi ne turmina.

"Shekara arba'in ina fasa maka goro da ƙashin kaza," in ji shi. "Ɗakina ya ruɓe. Me ka yanke?"

"Ina shawara, ranka ya daɗe."

Sai ga mu a kotu. Alƙalin harshe ne, ya kasa zama wuri ɗaya. Inji ya shigo da kakin soja ya ƙame.

"Ni ba na ɓata lokaci. In shiga in fita. In na ɗan ci bango mai lafiya, a yi haƙuri."

Ya gyara murya, ziiii. Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin benci ba, ni da ƙaton cikina.

Gwanda ta shigo da mayafi, ta gaida kowa har da mutanen gidansa, kafin ta ce, "Ni ruɓaɓɓen kawai nake taɓawa, mai lafiya ba ruwana da shi. Amma fa ba na gaggawa. Kuma in ƙofar ta yi ƙunci, wannan ɗan'uwan ne zai buɗe mini."

Na leƙo daga ƙarƙashin benci. "Au, ashe bakinku ɗaya!"

"Duk garin nan ai baki ɗaya ne," in ji alƙali. "Zaɓi."

Na roƙi a ɗage shari'a. Aka kuwa ɗage ta, da bencina da ni, aka yi sama da mu har na daina ganin gari.

Da na sauko, a tasha nake. Turmina na cikin mota da ƙunshin kayansa, ƙafafunsa biyu na reto. Direban ƙadangare ne. Ya leƙa bakina ya gyaɗa kai.

"Na ga gurbin. Wannan kam ba zai sake tsirowa ba."

Tsoro na gaske ya kama ni. Na bi motar da gudu ina ihu, "Inji! A'a, gwanda! Ku kawo duka biyun!"

Turmina ya leƙo ta taga. "Za mu yi shawara, Sallau."

Kwanon silba ne ya faɗi a tsakar gida, Uwani matata tana wanke-wanke, na farka. Na kai harshe wurin a hankali. Yana nan, ya kuma soke ni har cikin kunne. Tun da nake ban taɓa murna da ciwo irin haka ba. Na hau neman takalmina.