Cokali Ɗaya Don Yaya Ya Gani

"Buɗe bakin mana, Inna. Cokali ɗaya kawai."

Auta ce, 'yar maƙwabciyarmu Inna, take tura cokalin romo tsakanin leɓɓan tsohuwar. Ni aka ba wayar in ɗauki bidiyo, don babban yayansu da ke nesa ya ga an ci.

Inna ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa wa 'yan firamare abinci, har ni na ci daga ludayinta. Da likitoci suka ce cutar ta fi ƙarfin magani, ta roƙa a dawo da ita ɗakinta. Wata nas mai kula da waɗanda ajali ya kusanto take zuwa kowace safiya, ba don ta warkar da ita ba, don kada ta wahala.

Romon ya sarƙe Inna. Ta yi ta tari tana damƙar zanen gado, idonta na ruwa. Nas ta jefar da jakarta a bakin ƙofa, ta juya tsohuwar gefe guda.

"Jiya na gaya miki ta daina haɗiya. Ba yunwa take ji ba. Abin da kika zuba, huhu yake tafiya."

"Matar da ta ciyar da unguwa guda, a ce mun bar ta da yunwa?" in ji Auta. "Yaya ya ce in bai ga ta ci ba, a mayar da ita asibiti a sa mata tiyo ta hanci."

"Shi Yayan ya taɓa ganin tiyon?" in ji nas.

Auta ta share hawaye, ta ce in yanke wajen tarin kafin in tura.

Ni ko a jami'a ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Amma zuciyata tafasa take. Mutum yana can kan kujerarsa yana ba da umarni da maƙogwaron wani. Na tura bidiyon yadda yake, na ƙara da muryata: "Yaya, ka kalla har ƙarshe."

Wayar ta nuna ya kalla. Bai kira ba, bai sake zancen asibiti ba.

Nas ta tsoma auduga a kofin ruwa, ta miƙa wa Auta. "Jiƙa mata leɓe kawai. Shi take so."

Inna ba ta ga ƙarshen makon ba. A ɗakinta ta cika, da hantsi, taga a buɗe. Da na shiga kwashe kaya, na tarar da kofin a gefen gado, audugar a ciki, ba ta gama bushewa ba.