Riɗin Malam Sada

Buhunan da Alhaji Badaru ya zo da su sababbi ne fil, kowanne da jan hatimi da ɗan rubutun Turanci a gefe. Bara'atu ta lura da su ne lokacin da ta kai ruwa zaure. Ta durƙusa ta gaida manya, idonta ya ɗan tsaya a kan rubutun, sannan ta koma ciki.

Hutu ne ya dawo da ita Kiyako daga jami'a, inda take karantar harkar kuɗi ta ƙasa da ƙasa, wato yadda manyan kamfanoni masu rassa a ƙasashe suke ciniki, da yadda canjin kuɗi yake taɓa su. Duk gidan babu mai iya maimaita sunan karatun. Baffa Rabi'u, ƙanen mahaifinta, ya hutar da kowa, ya raɗa mata Gwamnar Dala. Ya sha gaya wa yayansa cewa saniyar da aka sayar aka kai Bara'atu makaranta ta tafi a banza. Da aikin jinya ta karanta, da yanzu ko allura tana yi musu.

Shi Alhaji Badaru dillali ne daga Birnin Kudu, yana saya wa wani kamfani riɗi. Noman Malam Sada, mahaifin Bara'atu, na bana kaf ga shi nan jibge a zaure. Da shi gidan zai ci shekara, da shi kuma Bara'atu za ta ƙarasa shekararta ta ƙarshe. Baffa Rabi'u tun da hantsi ya sallama nasa, yanzu ya zauna yana taya lallashi.

"Malam Sada, dala ta faɗi," in ji Alhaji. "Masu saye a waje ma sun ƙoshi. Zumunci ne ya kawo ni. Mako mai zuwa ko wannan tayin ba za ka gani ba."

"Sallama kawai, Yaya," in ji Baffa Rabi'u. "Mu da muka sallama mahaukata ne?"

Bara'atu tana bayan ƙyaure tana jin su. In mahaifinta ya furta ya sallama a gaban shaidu, magana ta ƙare, ba zai taɓa janyewa ba. Ita kuwa ba ta taɓa buɗe baki a zaure ba tun da take. Ta je ta riƙo zanen mahaifiyarta.

"Inna, ki kira min Baba."

"A tsakiyar ciniki? Ke da ko gaisuwa sai an kasa kunne?"

Amma Inna Kulu ta dubi fuskarta, ta tashi ta leƙa. "Malam, ana magana."

Ya shigo yana ɓata rai. Bara'atu ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Baba, kada ka sallama. An rubuta a buhunan watan da za a loda su a jirgin ruwa, kuma wannan watan ne. Irin waɗannan kamfanoni tun kafin kaka suke ƙulla yarjejeniya, a yanke farashi, a sa rana, har canjin dalar sukan ɗaure da banki. In kaya bai cika ba, tara za su biya. Alhaji ne yake sauri."

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata duka ba. Amma wanda ya ƙoshi ba zai ɗauko babbar mota tun daga Birnin Kudu ya ajiye ta a bakin masallaci ba."

Malam Sada ya juya ya koma zaure, ya zauna, ya gyara hularsa.

"Alhaji, albarka."

Alhaji Badaru ya miƙe yana kaɗe riga, ya fita. Aka tayar da mota. Bara'atu ta fara tunanin abin da za ta ce in ya tafi da gaske. Motar ta yi ta ruri a waje ɗaya. Can aka kashe ta, sai ga sallamar Alhaji ya dawo neman carbinsa, wanda yake rataye a hannunsa.

Sau uku yana ƙara tayi kafin Malam Sada ya sallama.

Ana ɗinke bakin buhuna Alhaji ya yi 'yar dariya. "Don Allah, wa ka shiga ka tambayo?"

"Gwamnar Dala," in ji Malam Sada, bai ko dubi inda ƙanensa yake ba. Ya ɗaga murya yadda na waje ma za su ji. "Bara'atu, zo ki duba min takardar awon nan kafin in dangwala."

Ta fito da mayafinta, ta karɓi takardar da hannu biyu, ta fara karantawa a hankali. Masu dako suka dakata suna saurare.

Tana layi na uku Baffa Rabi'u ya janyo takalmansa, ya raɓa ta bayan buhuna ya fice.