Soson Da Ya Hana Manaja Shan Shayi

A kamfanin da ake yin soso mai tauri, irin wanda ake cusawa a bangon ɗakin sanyi, ba mai kiran mai haɗa sinadarai da sunanta. Malama Toka ake ce mata, kuma tsakani da Allah ba a zalunce ta ba. Wata takwas tana neman garin da za a zuba wa soson ya daina kama wuta. In ta zuba kaɗan, ya ci kamar busasshiyar ciyawa. In ta cika hannu, ya rugurguje tun a mazubi.

Manaja ya gaji. Ya ce ranar Litinin ko ta kawo soson da wuta ta ƙi, ko ta ajiye farar rigar kamfani ta kama gabanta.

Litinin da safe ta tarar da teburinta wayam. Haɗi na goma sha bakwai, wanda ta bari ya bushe ba ta ko gwada ba, ya yi ƙafa. Ɓarawon kuwa ba baƙo ba ne. Baba Maigadi ya daɗe yana kwashe tarkacenta yana hura gawayin shayi da shi, ta yi ta gaya masa hayaƙin guba ne har bakinta ya gaji.

Ta same shi a bakin ƙofa, durƙushe gaban murhu, tsinkayen ashana zube a ƙasa. Manaja na tsaye a kansa riƙe da kofi ba komai a ciki, mutumin da ba ya sa hannu a takarda sai ya sha shayin Baba.

"'Yata, wannan karon kin ɓata aiki," in ji Baba. "Kwalin ashana guda na ƙarar. Har kananzir na ɗiga wa soson nan naki. Kananzir ya ci ya ƙare, shi kuwa ya yi baƙi ya zauna yana kallona. Na da, tsinke ɗaya ya isa."

Manaja ya ɗauki guntun, ya kankare baƙin da makullin mota. Ciki fari tas, da taurinsa. Ya daɗe yana jujjuya shi.

"Malama, bar rigar a jikinki."

Ta samu bencin Baba ta zauna.

"To shayin fa, ranka ya daɗe?" in ji Baba.

"Hura da takardar sallamarta, tana kan teburina."