Aron Filin Baba Ɗantsoho

Ni ban zaɓi Suhaibu ba, gara in faɗi wannan tun farko. Da Alhaji Nagoggo ya ce ciwon ƙafa ya hana shi zirga-zirga, zai sauka daga shugabancin ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa, wato Shaho, bayan shekara goma sha tara, ni so na yi a ɗora mataimakinsa. Amma matasa sun fi mu yawa. Suka ɗaga wa Suhaibu hannu, yaron da ya yi shekara goma yana aikin ofis a Kano, ya dawo Daura da kwamfuta a jaka da baki mai zaƙi. Ni Abdulbaƙi tela, shugaban magoya baya, na tafa kamar yadda kowa ya tafa, amma raina bai so ba.

A ƙofar shagona magoya baya suke majalisa, don haka duk abin da ake fata da duk abin da ake tsoro a kunnena yake ƙarewa. Matasa sun riga sun hau sama. Wai Suhaibu zai yi mana rajista a gasar jiha, zai kawo sababbin riguna masu lamba a baya, har wani ya rantse za a ga Shaho a talabijin kafin shekara biyu. Audi mai faci, wanda bai taɓa yarda da komai sabo ba tun da aka haife shi, shi kuma cewa yake za a kori tsofaffin 'yan wasa a kwaso baƙi, a kuma fara tare mutane a bakin fili ana karɓar kuɗin shiga. Ni dai ina kan keke ina ɗinki, ba na sa baki. Kowa ya ɗauka dattaku ne, alhali haushi ne.

Abin da babu wanda ya ambata shi ne filin kansa, don kowa ya ɗauka namu ne. Ba namu ba ne. Na Baba Ɗantsoho ne, wani tsohon falken shanu da ke bayan unguwarmu. Da damina a nan yake ɗaure shanunsa don kada su shiga gonakin mutane. In an yi girbi, shanu suka bazu gonaki cin kara, sai filin ya zauna haka nan, mu kuma mu share kashin shanu mu kafa raga.

Amma ba haka kawai ake shiga ba. Kowace shekara, da an ɗaure damman gero, Alhaji Nagoggo zai taka da ƙafarsa zuwa zauren Baba da ƙullin goro, mu biyu ko uku muna biye. Zai zauna a tabarma, a gaisa, a tambayi shanu da jikoki, sannan ya roƙi aron fili kamar bai taɓa roƙa ba. Baba kuwa zai ɓata fuska ya ce bana da wuya, yana da abin da zai yi da wurin, amma zai yi shawara. Mu tashi. Ranar kwana uku mu koma, ya ja mana rai kaɗan, sannan ya ce a je a buga, Allah ya tsare ƙafafu. Shekara goma sha tara ana haka, kuma ban taɓa fashin zuwa ko sau ɗaya ba.

Wata Talata da hantsi Suhaibu ya shigo shagona da takarda a hannu. Fara tas, da tambarin shaho a sama da hatimi a ƙasa. Ya ce ya ji filin aro ne, kuma hukumar gasa tana son kowace ƙungiya ta nuna tana da wurin wasa tabbatacce. Don haka ya rubuta wa Baba Ɗantsoho wasiƙa ta girmamawa, yana neman ya sa hannu a kan yarjejeniyar shekara biyar. Ya karanta mini ita tun daga sama har ƙasa. Gaskiya babu kalmar rashin ladabi ko ɗaya a ciki.

Ya dube ni ya ce, "Malam Abdulbaƙi, kai ka fi ni sanin mutanen nan. Ka ga ta yi?"

Na san abin da takarda mai hatimi take nufi a wurin tsoho irin Baba. Ƙanensa da takarda aka raba shi da gonarsa, kowa a unguwa ya san labarin, ban da wanda ya yi shekara goma a Kano. Na buɗe baki zan faɗa, sai na tuna yadda matasa suka yi ta ihu ranar zaɓe kamar mu tsofaffi ba mu taɓa tsinana komai ba. Na gyara zare a allura na ce, "Ta yi kyau, shugaba."

Ya yi mini godiya har sau biyu, ya aika da ita a ranar.

Ranar Alhamis 'yan wasa suka je share fili suka tarar da shanu. Ba na Baba kaɗai ba, har da wasu manya masu dogon ƙaho, sun fi sittin, an kafa musu turaku tun daga inda muke sa ragar gabas har tsakiya. Masu kiwon suka ce na wani abokin fataucin Baba ne daga garin Babban Mutum, an ba shi wurin ya tara su kafin a loda su Kudu. Saura kwana tara wasanmu na farko a gida, da ƙungiyar garin Mashi.

Majalisa ta kama da wuta. Waɗanda suka ɗaga wa Suhaibu hannu su suka fara cewa dama ɗan boko bai san kan gari ba. Audi ya yi ta zagaye yana cewa ai ya faɗa, ko da yake ba wannan ya faɗa ba. Ba zan ɓoye ba, ranar farko na ji daɗi. Na ci tuwona da yawa.

Washegari da la'asar na fita kai ɗinki, na bi ta bayan makarantar firamare. Sai na ga 'yan wasanmu suna atisaye a wani lungu tsakanin katanga da kwata, wurin da ko akuya ba za ta sake ba. Mai tsaron ragarmu ya jera takalma biyu a matsayin raga. Suhaibu yana tsaye a gefe, ya naɗe hannun riga, duk lokacin da ƙwallo ta faɗa kwata shi yake shiga ya ɗauko ya wanke. Babu mai yi masa magana. Na tsaya da ɗinkin mutane a hammata, kunya ta rufe ni. Ni na ce ina son Shaho fiye da kowa, ga shi don in ga yaro ya faɗi na bar ta ba ta da wurin taka ƙwallo.

Na kira shi gefe na gaya masa yadda ake roƙon fili, tun daga goro har komawa ranar kwana uku. Ban gaya masa cewa na san haka ranar da ya nuna mini wasiƙa ba, shi ma bai tambaya ba. Ya dai ce in raka shi.

Asabar bayan la'asar muka je. Na sa ya bar jakar kwamfutarsa a shagona, ya sa doguwar riga da hula. Baba Ɗantsoho yana zaune a kan buzu yana murza igiya. Muka gaisa. Suhaibu ya yi ƙoƙari, ya tambayi shanu, ya tambayi jikoki, duk da na ga ƙafarsa ta fara sagewa a kan tabarma. Ya ajiye goro, ya ba da haƙuri a kan takarda, ya roƙi aro. Baba bai ko dubi goron ba. Ya ce bana da wuya, zai yi shawara.

Da muka fito Suhaibu ya ce shi ke nan, an hana mu. Na ce masa haka ake cewa kowace shekara. Sai dai ni kaina hankalina bai kwanta ba, don a da in Baba ya faɗi haka akwai ɗan murmushi a gefen bakinsa, ranar kuwa babu.

Kwana ukun nan sun yi mini tsawo. Na ɓata wuyan rigar mutum biyu.

Ranar Talata muka koma. Wannan karon Baba ya sa an kawo mana fura. Ya zaro wasiƙar daga ƙarƙashin buzu, a ninke kamar yadda aka kawo ta, ya miƙa wa Suhaibu. Ya ce jikarsa ta karanta masa, kuma ya ji babu zagi a ciki, amma shi ba ya sa hannu a kan ƙasa, ko ta shekara biyar ko ta kwana biyar. In hukuma na son shaida, a turo mutum ya zo ya ji daga bakinsa.

Sannan ya ce, "Ɗana, ba filin nake ja wa rai ba. Me zan yi da fili da rani? Amma in na sa hannu, shekara biyar babu mai tako zauren nan. Ranar da kuka daina zuwa tambaya, ranar za ku manta wurin na wani ne."

Suhaibu ya sunkuyar da kai ya ce ya fahimta, kuma in Allah ya kai mu baɗi shi zai fara zuwa. Baba ya ce to a je a buga, Allah ya tsare ƙafafu. Amma ba yanzu ba. Ya riga ya ba mutumin Babban Mutum wurin na wata guda, kuma bai taɓa ba mutum wuri ya dawo ya tashe shi ba. Wato wasan Mashi da wanda ke biye da shi ba a gida za a yi su ba.

Har mun yunƙura za mu tashi, Baba ya juyo gare ni. Tun da muka shigo bai dube ni ba sai a lokacin.

"Shi wannan baƙo ne a garinsu, bai sani ba," in ji shi. "Kai fa, Abdulbaƙi? Shekara nawa kana zama a bakin ƙofar can kana cin gorona? Ina kake aka rubuto mini takarda?"

Suhaibu ya yi saurin cewa laifinsa ne shi kaɗai, bai yi shawara da kowa ba. Ƙarya ya yi don ya rufa mini asiri, kuma wannan ya fi maganar Baba yi mini zafi.

Da muka iso shago majalisa ta cika, ana jiran labari. Suhaibu ya ce an samu fili amma sai bayan wata guda, wasa biyu za a buga a waje. Nan take aka fara guna-guni, Audi ya miƙe zai fara aikinsa. Na ce ya zauna. Na gaya musu cewa an nuna mini wasiƙar kafin a aika, na san abin da za ta jawo, na ce ta yi kyau don ina jin haushin zaɓe. Na ce wasa biyun nan ni na kai su waje, ba shugaba ba, kuma in suna son wani ya riƙe magoya baya, ga wuri.

Mutanen da na shekara ashirin ina zama da su, babu wanda ya iya haɗa ido da ni. Audi ma, da bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya koma yana kankare faci a tafin hannunsa.

Sai Suhaibu ya miƙe. Ya ɗauki jakarsa daga kan teburina ya rataya, ya ce maganar sauka a bar ta sai an dawo, yanzu mota biyu ake bukata zuwa Mashi ranar Asabar, kuma shi bai san direba ko ɗaya a tasha ba.

Na rufe keken ɗinki, na sa takalmi, na nufi tasha.