Kalilu Ya Tsaya Zango

Innarmu Maiturare ba ruwanta da lissafin jami'a. Ita dai ta san idan gero ya kai gwiwa a Sandamu, autanta Kalilu zai shigo da jakarsa ya yi dogon hutu. Ni yayarsa ce, ni yake cika wa kunne da bayani: shekararsu kashi biyu ce, simesta ta farko da ta biyu, sannan hutu. Akwai kuma wata 'yar gajeriya da ake cusawa cikin hutun, don wanda wani darasi ya kayar ya maimaita, kada ya yi asarar shekara.

Bana sai ga wayarsa. Ɗan banzan yaron nan da kullum simesta ce a bakinsa, ranar ya ga dama ya yi wa Inna tsantsar Hausa.

"Inna, bana ba zan zo hutu ba, zan tsaya zango," in ji shi.

Ta ce Allah ya taimaka, ta miƙa mini wayar. Ashe ita garin Zango ta ji, nan bayan Daura. Wato ɗanta yana kusa, mota ɗaya, amma ya ƙi leƙo ta. Ba ta gaya wa kowa ba. Sai na ga tuwo yana dawowa yadda na kai shi, wallahi har raina ya fara ɓaci.

Wata safiya na nemi Inna na rasa. Maƙwabciyarmu ta ce ta gan ta da ƙullin dakuwa ta shiga motar Zango. Na bi ta. A tashar Zango na same ta zaune kan benci, ta gama tambayar direbobi ina makarantar su Kalilu, su kuma suna ta nuna mata sakandare. Da na ga ƙurar da ke ƙafarta, tausayi ya kama ni na kasa yin faɗan da na zo da shi.

Na kira shi, na ce ya yi mata bayani da bakinsa. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce zangon karatu yake nufi, yana can jami'a. Darasi ɗaya ya faɗi, kunya ce ta hana shi faɗa.

"Faɗuwa ka yi, Auta?" Inna ta tambaya.

"E, Inna. Ki yafe mini."

Ta goge ido da bakin mayafi.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ni na ɗauka guduna kake yi."

A motar dawowa ta kwance ƙullin, ta ci dakuwar da ta yi masa, har ta ce in nemo mata ruwa.