Wayar da Baba Isyaku Ya Tsinta

Ranar Litinin da hantsi netwok ɗin kamfanin takalman roba da ke Sharaɗa ya tsaya cik. Motoci huɗu na bakin get cike da kaya, an kasa fitar musu da takarda. Manaja, Alhaji Habibu, mutum ne mai zuciya a kusa, sai ya rantse a gaban kowa cewa duk wanda ya taɓa kayan netwok ɗin nan yau zai bar aiki. Shi kuwa in ya rantse, to magana ta ƙare.

Godiya ce mai kula da kwamfutocin, 'yar Kafanchan, shekararta biyu a wurin. Ta kashe rauta, na'urar da ke kawo musu intanet, ta kunna, shiru. Ta kira masu ba su intanet, suka ce wajensu lafiya lau, kamar yadda suka saba faɗa ko da gobara ce ta tashi. Sai ta shiga ƙaramin ɗakin da akwatin rarraba netwok yake, ta tarar fitilunsa duka suna ƙyaftawa lokaci guda ba tsayawa. Ta durƙusa tana zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Tana zare ta bakwai, fitilun suka natsu, ta jiyo firinta ta kama aiki a ofis.

Ta bi wayar da hannu ta ga inda ta nufa. Ashe ba ta je ko'ina ba, bakinta biyu duk a akwati ɗaya aka soke su, saƙo yana ta zagaye har ya toshe hanyar kowa.

Baba Isyaku mai shara na tsaye a ƙofa da tsintsiya. Shekara goma sha tara ke nan da ya baro Ringim ya kama aikin nan, kuma shi ke ajiye mata ƙosai kullum don ya lura ba ta karyawa a gida. Da fara'arsa ya gaya mata da safe ya ga wata waya yashe a ƙasa, ya ji tsoron ruwan goge-goge ya lalata mata ita, shi ne ya nemi kafar da ta dace ya mayar.

Tausayinsa ya kama ta, sai ga takun manaja ya iso.

Ya tambaya wane ne ya jawo wannan ɓarnar.

"Ni ce, ranka ya daɗe. Ni na bar waya a ƙasa ranar Juma'a."

Ba ƙarya ta yi ba, rabin gaskiyar dai ta faɗa. Alhaji Habibu ya yi mata tatas, ya ce albarkacin gyaran da ta yi ne kawai ya sa zai yi kaffarar rantsuwarsa, ya juya wajen motocinsa.

Tsohon ya daɗe yana kallon wayar da ke hannunta. Ba ya karatu, amma ba a yi masa wayo.

"'Yata, ni ne, ko?"

"Baba, ku je ku ƙarasa shararku. Gobe zan nuna muku inda ake rataye ta."

Ya goge ido da bakin hularsa, ya ɗauki tsintsiyarsa. Washegari ƙarfe bakwai yana bakin aikinsa.