Guzurin Inna Barira

Tasi'u ya ce wa mahaifiyarsa daga Dutse zuwa Birnin Kebbi tafiyar awa guda ce a jirgin sama. Inna Barira ta taɓe baki.

"Kebbin da mahaifinku yake kwana a hanya kafin ya kai kifi? Kai dai yaro ne."

Don haka ta ɗaure guzuri irin na mutan Haɗeja: bandar tarwaɗa, dambun kifi da ƙuli-ƙuli. Ai ba za ta je sunan jikanta da yunwa ba.

Motar da ta kai su Dutse daga Haɗeja ta fi awa biyu tana gurnani. Da jirgi ya tashi kuwa, ta yi addu'a, ta leƙa gonaki ta taga, ta ɗan gyangyaɗa. Tana kai hannu za ta kwance ƙullin, Tasi'u ya taɓa ta.

"Inna, mun iso."

Ta dubi ƙullin, ta dube shi, dariya ta ƙwace mata.

A ƙofar gida ta miƙa wa 'yarta mai jego ƙullin yadda yake.

"Ungo, Safara'u. Guzuri na ɗauro, jirgi ya mayar da shi tsaraba."